Tsutsar Ciki a Jikin 'Yan Kwikwiyo: Kada Mu Jira Sai Mun Gan Ta da Ido

A zagayen duba rijiyoyi da muka yi da daminar da ta wuce, mun sauka a wani gida inda karya ta haifi 'ya'ya 7. Maigidan ya riga ya gama lissafinsa. Biyu zai bari don gadin gida da gona, ɗaya na surukinsa ne, sauran kuwa in sun yi ƙwari zai sayar ya cika kuɗin makarantar yara. Da muka koma bayan mako 3, saura 2 kacal. Na tambaye shi ko ya ba su maganin tsutsa. Ya ce, "Ai Malam, ni ban ga tsutsa ko ɗaya a kashinsu ba." Sai na ɗaga leɓen ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, na ga dasashinsa fari fat. Can gefe kuma ga ƙaramar 'yarsa, wadda ba ta daɗe da fara rarrafe ba, tana zaune a cikin yashin da 'yan kwikwiyon suke kwana, tana kai hannu baki.

'Yan'uwa, amsar da wannan dattijo ya ba ni ita ce amsar da yawancinmu za mu bayar. Mun saba ba ma neman magani sai ciwo ya nuna kansa. Amma a kan tsutsar ciki ta kwikwiyo, wanda ya jira sai ya gani da ido, sau da yawa ya makara. Kusan kowane kwikwiyo da aka haifa a ƙauyukanmu da tsutsarsa yake zuwa duniya, ko kuwa ya sha ta a nonon uwarsa tun a makon farko. Saboda haka ba alama ake jira ba, kwanan wata ake bi.

Daga ina tsutsar take zuwa?

Wasu suna cewa madara ce take kawo ta, wasu su ce nama ko abu mai zaƙi. Ba haka ba ne. Tsutsa daga ƙwan tsutsa take fitowa, kuma ga kwikwiyo hanyarta mafi girma ita ce jikin uwarsa.

Ga yadda abin yake. Babbar karya tana yawo, tana shinshina ƙasa, tana lasar ƙafarta, tana haɗiye ƙwan macijin ciki irin na karnuka. Da yake ita babba ce, jikinta yana da ƙarfin tare su, don haka yawancin 'ya'yan tsutsar da suka ƙyanƙyashe ba sa girma a hanjinta. Sai su bi jini su je su lafe a cikin tsoka, su yi kamar barci. Suna iya yin shekaru a haka, karyar tana cin abincinta, tana ƙiba, ba abin da ya dame ta. Ciki na karya kwana 63 ne ko kusa da haka. Idan cikin ya kai wajen kwana 42, sai waɗannan 'ya'yan tsutsa su farka, su bi jini, su ratsa mahaifa, su shiga hantar 'ya'yan da ba a ko haifa ba. Bayan haihuwa sai su wuce zuwa huhu, kwikwiyon ya yi tari, su hau maƙogwaro, ya haɗiye su, su sauka hanji su girma. Kafin kwikwiyo ya cika mako 3 da haihuwa, tsutsotsin cikinsa sun riga sun fara saka ƙwai.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai ce, "Ai na ba uwar magani kafin ta ɗauki ciki," amma duk da haka 'ya'yan su fito da tsutsa. Maganin da muke bayarwa yana kashe waɗanda suke cikin hanji ne, ba ya kai wa ga waɗanda suka lafe a tsoka. Kuma ba duka suke farkawa a ciki ɗaya ba, wasu suna jiran haihuwa ta gaba.

Ba iri ɗaya ba ne

Macijin ciki shi muka fi sani, domin shi ake gani. Fari ne ko ruwan madara, siffarsa kamar silin taliya, tsawonsa yakan kai santimita 10 zuwa 18. Ba ya shan jini, abincin kwikwiyon yake cinyewa. Idan sun yi yawa sukan cure wuri ɗaya su toshe hanji. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 200,000 a yini guda. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa idan muka zo maganar yara.

Wadda ta fi kisa kuwa ba a cika ganinta ba. Ita ce tsutsa mai ƙugiya, wadda tsawonta bai wuce santimita 1 zuwa 2 ba, siririya kamar zare. Tana da haƙora a baki, takan kama bangon hanji ta yi ta zuƙar jini, in ta saki wuri ta koma wani, wurin da ta bari ya ci gaba da tsiyaya. Ta nonon uwa take shiga kwikwiyo, tana kuma iya huda fatar ciki ko ta tafin ƙafa idan ya kwanta a ƙasa mai damshi. Guda ɗaya tana iya jawo asarar jini har kusan kashi 1 cikin 10 na mililita a yini. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. To, a ce guda 100 ne. Mililita 10 ke nan kullum, wato ƙaramin cokalin shayi 2, alhali kwikwiyo mai nauyin kilo 1 duk jinin jikinsa bai kai mililita 100 ba. Kwana nawa zai yi? Abin da ya fi muni shi ne, tana fara shan jini tun kafin ta fara saka ƙwai. Ko an kai kashin ɗakin gwaji aka duba da madubin likita, ana iya rasa komai, ga kwikwiyo kuwa yana mutuwa. Ina kyautata zaton ita ce ta ɗebe 'yan kwikwiyon dattijon nan, domin damina ce, kuma a yashi mai inuwa suke kwana, irin wurin da ta fi so.

Sai tsila, mai faɗi mai gaɓa-gaɓa. Wadda ta fi kama kwikwiyo ta hanyar ƙuma take zuwa. Kwikwiyo yana cizon jikinsa don ƙaiƙayi, ya haɗiye ƙuma, a cikin ƙumar kuwa akwai ɗan tsila. Za ku ga gaɓoɓinta a kan kashi ko manne a gashin ƙarƙashin wutsiya, kamar ƙwayar shinkafa, wani lokaci suna motsi. Ba ta cika kisa ba. Akwai kuma wata mai kama da bulala da take zama a babban hanji, amma takan ɗauki kusan wata 3 kafin ta girma, don haka sai a kwikwiyon da ya ɗan tasa ake samunta.

Kada a haɗa waɗannan da tsutsar da take fitowa a fata, wadda takan yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Waccan ɗan ƙuda ce. Ƙudan yana saka ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a tsumma mai damshi. Ana shafa man basilin a toshe ramin, a ɗan jira, sannan a matse ta fito, a wanke wurin. Maganin tsutsar ciki ba ruwansa da ita.

Yadda za ku gane

Ku ɗauki kwikwiyon a hannu, kada ku tsaya daga nesa. Abu na farko, ku ɗaga leɓensa na sama ku dubi dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne kamar cikin leɓen mutum. Idan ya koɗe, ko ya yi fari, jini ya ƙare. Ku ja fatar ƙasan ido ma ku duba. Wannan dubawa ba ta cin minti ɗaya, kuma ta fi kowace alama muhimmanci.

Sannan ku dubi ciki. Kwikwiyon da ya ƙoshi da nono cikinsa yakan cika, bayan 'yan awoyi ya sauka. Mai tsutsa kuwa cikinsa a kumbure yake dare da rana kamar tulu, ga haƙarƙari a waje, ga ƙashin baya yana tsini, ƙafafu sirara. Mutane da yawa suna ganin babban ciki su ce ƙiba ce. Ku shafa bayansa, ƙiba ba ta barin ƙashi a fili. Gashinsa yakan bushe ya tashi, ba sheƙi. Yakan yi ta kuka, ya kasa kokawar nono da 'yan'uwansa, su girma su bar shi. Wani yakan yi tari a makonni na farko, lokacin da 'ya'yan tsutsar suke ratsa huhu.

Ku dubi kashi kuma. Zawo mai majina, ko zawo yau gobe ya tsaya jibi ya dawo, alama ce. Kashi baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, jini ne da ya narke a hanji, kuma aikin mai ƙugiya ne. Wani lokaci kwikwiyo yakan yi aman macijin ciki a raye. Jan gindi a ƙasa yakan zama tsila, ko da yake wasu abubuwan ma suna kawo shi.

Akwai ciwo ɗaya da ake yawan ɗauka tsutsa ce alhali ba ita ba ce. Yana kama 'yan kwikwiyo daga wajen mako 6 zuwa wata 6. Farat ɗaya kwikwiyo zai ƙi abinci, ya yi ta amai, sai zawo na jini tsararo mai wari ƙwarai, cikin kwana 2 ko 3 ya mutu, ya kuma bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Likitoci suna kiransa fabo. Ƙwayar cuta ce, maganin tsutsa ba ya taɓa ta, allurar rigakafi ce take hana ta. Idan kun ga haka, ku ware mara lafiyar nan da nan ku nemi likitan dabbobi.

Lokacin ba da magani

Ana fara ba kwikwiyo magani ran da ya cika mako 2 da haihuwa, wato wajen lokacin da idonsa ya buɗe. A sake a mako na 4, da na 6, da na 8. Daga nan sai sau ɗaya a wata har ya cika wata 6. Babban kare kuwa a ba shi aƙalla sau 4 a shekara, wato kowane wata 3. Duk ran da aka ba 'ya'yan, a ba uwar ita ma, domin tana lashe kashinsu tana sake ɗaukar tsutsar.

Na san abin da wasu za su ce: "Mako 2? Ai bai yi ƙwari ba, magani zai kashe shi." Idan maganin da ya dace ne, kuma an auna daidai, ba zai kashe shi ba. Jiran ya yi ƙwari shi yake kashe shi. Wasu kuma sukan ba da sau ɗaya, su ga tsutsa ta fita, su ce an gama. Ba a gama ba. Ran da kuka ba da maganin, akwai wasu 'ya'yan tsutsar da suke kan hanya a hanta da huhu, wasu kuma suna zuwa a nonon gobe. Magani bai same su ba. Nan da mako 2 za su iso hanji, shi ya sa ake maimaitawa.

Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce a ɗaura abin a kan ranar Lahadi. Ran da karya ta haihu, ku sa alama a kalandar da take rataye a ɗaki. Lahadin da ta fi kusa da cikar mako 2, bayan an taso daga sujada, a ba da magani. Lahadi mai zuwa a tsallake, ta gaba a bayar. A ba wani yaro ɗan makaranta aikin sa alamar, sun fi mu tunawa.

Wanda ya sayo kwikwiyo, ko daga maƙwabci ko daga kasuwa irin ta Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, inda karnuka daga wurare dabam-dabam suke cakuɗuwa, kada ya dogara da maganar mai sayarwa cewa an ba shi magani. A ba shi a ranar da ya iso gida, a sake bayan mako 2, sannan a shiga lissafin wata-wata.

Wane magani?

A nan ne ake yawan yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Kalmar "maganin tsutsa" ba ta isa ba. Ku karanta sunan sinadarin da aka rubuta a jikin kwalba ko kwali, ko ku sa a karanta muku.

Ga ƙaramin kwikwiyo, wanda ya fi dacewa shi ne mai sinadarin pirantel, na ruwa. Yana kama macijin ciki da mai ƙugiya duka, kuma ba ya shiga jini sosai, shi ya sa ba ya wahalar da jariri. Ma'auninsa miligiram 5 ga kowane kilo 1 na nauyin jiki. Akwai wanda ake sayarwa da sunan Drontal Puppy, an haɗa pirantel da wani sinadarin, ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 1. Fenbendazol, wanda aka fi sani da sunan Panacur, shi ma yana da kyau, yana kama har mai kama da bulala, amma shi kwana 3 a jere ake bayarwa, miligiram 50 ga kowane kilo kullum. Piperazin yana da araha, ana samunsa ko'ina, amma ku sani macijin ciki kaɗai yake fitarwa, ba ya yi wa mai shan jini komai. Mutum zai ga manyan tsutsotsi sun fita ya yi murna, alhali mai kisan tana nan. Tsila kuwa duk waɗannan ba su ne maganinta ba. Nata shi ne prazikwantel, miligiram 5 ga kowane kilo, sau ɗaya, kuma ba a ba kwikwiyon da bai kai mako 4 ba. In ba a kashe ƙuma ba, tsilar za ta dawo cikin 'yan makonni.

Dole a auna nauyi, kada a yi kintace. Ku sa kwikwiyon a cikin jaka, ku rataya a sikelin da ake auna jarirai ko hatsi, ku cire nauyin jakar. Kowane ɗaya a auna shi dabam, domin 'yan ciki ɗaya ba nauyinsu ɗaya ba. Misali, idan kwalba ta ce mililita 1 ga kilo 1, kwikwiyonku kuma giram 600 ne, to 0.6 za ku ja a sirinji. Kwalabe ba ƙarfinsu ɗaya ba, wata mililita ɗayanta ya ninka na wata sau da yawa, saboda haka kada a ɗauki ma'aunin wata kwalba a yi aiki da shi a kan wata. A girgiza kwalbar, a cire allurar sirinjin, a zura ta gefen baki, a matsa a hankali yana haɗiyewa. Kada a ɗaga kansa sama a ɗura, zai shaƙe. Bayan mako 2 a sake aunawa, domin nauyinsa ya ƙaru.

Ku sayi magani a shagon magungunan dabbobi ko asibitin dabbobi, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda aka shanya a rana a kan tabarma ran kasuwa, ko wanda aka juye a wata kwalba ba suna, ku bar shi. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya. Gidaje 4 ko 5 masu karnuka suna iya haɗa kuɗi su saya tare, a ajiye ta da sirinji da sikeli a hannun mutum ɗaya, ko a ƙungiyar matasa ko zumuntar mata.

Yanzu ga abubuwan da ba za a ba kwikwiyo ba. Manyan ƙwayoyin albendazol da muke ba awaki da shanu ba na kare ba ne. Suna iya lalata ɓargon da yake yin jini, ga karya mai ciki kuma suna iya nakasa 'ya'yan. Allurar shanu irin su Ivomec da lebamisol, ɗigo kaɗan ya wuce ƙima ga kwikwiyo, sai makyarkyata, dalala, makanta, mutuwa. Wannan aikin likita ne, ba na gida ba. Taba, kalanzir, baƙin mai da maganin feshin gona guba ne, ko a ciki ko a fata. Albasa da tafarnuwa, waɗanda wasu suke dakawa su ɗura, suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ga shi dama jinin ne ya yi ƙaranci. Maganin ciwon jiki na mutane ma kada a ba shi.

Bayan an ba da magani, cikin kwana 1 zuwa 3 za a iya ganin tsutsotsi a kashi, wasu matattu wasu suna motsi. Ɗan zawo kaɗan ba abin tsoro ba ne. In ba ku ga komai ba, ba wai maganin bai yi aiki ba ne, mai ƙugiya ba ta ganuwa. Kwikwiyon da aka yaye yana bukatar abin da zai mai da masa jini: kifi, dafaffen ƙwai, 'yar dafaffiyar hanta. Kunu da ragowar tuwo kaɗai ba za su tashe shi ba.

Idan dasashi ya riga ya yi fari, ko kwikwiyo ya daina shan nono, jikinsa ya yi sanyi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciki ya yi tauri ba kashi, wannan ya wuce aikin gida. A lulluɓe shi ya ji ɗumi, in yana iya haɗiya a ɗiga masa ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a nufi likitan dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar.

Maganar yaranmu

Ko da ba ku damu da karen ba, ku karanta wannan. Ku tuna ƙwai 200,000 a yini daga tsutsa ɗaya. Ƙwan macijin cikin kare ba ya ganuwa, yana da kauri, yana da danƙo, kuma yana iya rayuwa a ƙasa mai damshi shekara da shekaru. Kashin zai bushe ya baje, ruwa ya wanke shi, tsakar gida ta yi tsaf a ido, ƙwan kuwa yana nan. Yaro mai rarrafe, da yaro mai cin ƙasa, da wanda ya tashi daga wasa ya sa hannu a kwano bai wanke ba, su suke haɗiye shi.

A cikin ɗan Adam wannan tsutsa ba ta girma ta zauna a hanji. Ɗanta yakan ƙyanƙyashe ya yi ta yawo a jiki kamar wanda ya ɓata hanya. Ga yara da yawa abin yakan wuce ba a sani ba. Ga wasu yakan kawo zazzaɓi mai daɗewa, tari, numfashi mai ƙara, ciwon ciki da kumburin hanta. Wani lokaci kuma yakan shiga ido, yawanci ido ɗaya, ya yi tabo a ciki, ganin idon ya ragu ko ya tafi gaba ɗaya. Tun da ba ta saka ƙwai a cikin mutum, gwajin bayan gida ba ya nuna ta. Ƙwaya ɗaya da ake raba wa yara a makaranta tana da amfani ƙwarai, amma don tsutsotsin mutane aka tsara ta, ba ta isa ta zama kariya daga wannan ba. Idan yaro ya ce ba ya gani sosai da ido ɗaya, ko idon ya karkace, ko kuka ga fari a tsakiyar baƙin ido, ku kai shi asibitin ido ba tare da jinkiri ba, ku kuma gaya wa likita akwai 'yan kwikwiyo a gida. Farin tsakiyar ido yana iya zama wani ciwon da ya fi wannan haɗari, don haka ba abin gwada maganin gida ba ne.

Ita kuma mai ƙugiya, ɗanta yakan huda fatar mutum a ƙafa, ko a gindin yaron da ya zauna tsirara a yashi. Za a ga jan layi mai lanƙwasa yana tafiya kaɗan-kaɗan kullum a ƙarƙashin fata, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Ana maganinsa a asibiti. Kada a tsaga da reza.

Abin da zai ba mu ƙarfin gwiwa shi ne, ƙwan macijin ciki ba ya kama kowa a ranar da ya fito. Sai ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya nuna. 'Ya'yan mai ƙugiya ma sai sun yi wajen mako 1. Ashe ke nan wanda yake kwashe kashin karnukansa kowace safiya ya yanke hanyar tun kafin ta buɗe. A kwashe da shebur ko fartanya, ba da hannu ba, a zuba a masai ko a binne da zurfi, ko a ƙona. Ba aikin ƙananan yara ba ne. Kada a zuba a juji inda kaji suke tono, kada kuma a sa a takin lambu. Shara da tsintsiya kawai baza shi take yi. Wurin da karya za ta haihu ya zama busasshe, nesa da madafa da wurin wasan yara, in da hali daɓen siminti. A riƙa zuba masa tafasasshen ruwa, a ƙone tsofaffin tsummoki da ciyawar shimfiɗa, wannan yana rage ƙuma ma. Zafin wuta da rana mai ƙarfi suna kashe ƙwan, amma yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashe shi. Yara su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a yanke musu farce, a sa musu takalmi, jariri kuma a shimfiɗa masa tabarma.

Wani abu kuma da muke yi ba da sani ba. Lokacin Kirsimeti ko biki, idan an yanka akuya ko tunkiya aka ga hanta ko huhu da ƙululu mai ruwa a ciki, sai a yanke wurin a jefa wa kare. Wannan ƙululun 'ya'yan wata ƙaramar tsila ne. A hanjin kare suke girma, ƙwanta ya fita a kashi, dabbobi su ci a ciyawa, mutum ma ya haɗiya. Ita ƙwanta yana kamawa tun ranar da ya fito, shi ya sa na ce kada a taɓa kashin da hannu. A cikin mutum takan yi irin wannan ƙululun a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma, sau da yawa sai an yi tiyata. Haka ma kan tunkiyar da take juyawa wuri ɗaya kamar mai hajijiya, kada a ba kare ɗanye. Abin da ba za mu ci ba, a ƙona ko a binne inda kare ba zai tono ba. Abin da za a ba shi kuwa a dafa.

Maganin tsutsa ba ya hana haukan kare. Wannan allura ce dabam, ana yin ta idan kwikwiyo ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa kowace shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana cikin masu yin wannan allura. Idan za ku kai kwikwiyo a yi masa, ku tafi da kwalbar maganin tsutsar da takardar da kuka rubuta ranakun da nauyinsa, likita ya duba ya gyara muku ma'aunin watanni 3 da suka rage.